Rabin Bulo a Jakata

'Yan uwa, yau da rabin bulon siminti na shiga kasuwa, har mai moto, ɗan acaɓan da ya kai ni, ya tambaye ni ko zinariya na ɗauko!

Sati uku kafinta yana min "gobe, gobe" a kan kantar kicin. Na ce wallahi da hannuna zan kafa ta. Na fita neman injin huda bango mai batir, tunda wutarmu a unguwar Poumpoumré sai ta ga dama.

Na shiga wani shago. Mai shagon, wani dattijo, ya ɗauko wani inji mai tsada, ya huda katako ya ce, "Kin gani, Hajja?"

Na zaro bulona. Na ce, "Baba, gidana ba na katako ba ne."

Mai tsadar ya fi ƙarfina. Na nuna wani a ƙasan tebur.

Ya ce, "Wannan rago ne. Mutum biyu sun dawo min da shi." Ya ɗora shi a bulon, sai kuka kawai, ko gezau. Ni kuwa idona na kan ɗan hoton guduma a wuyan injin, alamar huda siminti. Ba a murɗa shi can ba! Na yi shiru, na taya rabin kuɗi.

Ya ce, "Na sallama, raba ni da shi."

Na murɗa zuwa guduma, na danna. Tirrrr! Ya ratsa bulon har ya ciji tebur!

Baba ya miƙe tsaye. "Hajja, tsaya mu sake magana!"

Na ce, "Ka sallama gaban shaidu, Baba. Useko, na gode!"

Kanta ta hau bango. Yanzu kafinta ya kira, wai gobe zai zo. Na ce ya zo ya koyi aiki.