Marini da Yadin Roba

A Kasuwar Dole, shekarar da fari ya ƙafar da karofin Damagaram, wani tsoho yana tsaye gaban rumfar Mai Nasara. Ko ba a tambaya ba marini ne, amma shunin hannunsa ya fara koɗewa. Da alama ya daɗe rabonsa da aiki. Yadin roba yake kallo, mai sheƙi kamar wuyan tattabara. Ya jiƙa yatsa da yawu ya murza, yadda ake gwada turkuɗi. Komai bai zuba ba.

"Dattijo, wannan bai san rini ba," in ji Mai Nasara. "Haske kawai yake juyawa. Bai taɓa shan ruwa ba."

Tsohon ya dubi yatsansa. "To, shi zai rayu a garin nan," ya ce, ya haɗiye sauran yawun.