Shekara Goma Sha Ɗaya Babu Isyaku Mai Hoton Gona

A wannan makon aminina Malam Isyaku ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. A Kura an fi saninsa da Mai Hoton Gona, sunan da aka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya riƙe abinsa.

Hoton fasfo da na biki ne suke ciyar da iyalinsa, amma hankalinsa yana bayan gari. Da gari ya waye zai rataya kyamara ya hau keke, ya bi bakin kanal ɗin ruwan noman rani har wajejen Bunkure, yana ɗaukar fadamun shinkafa da gonakin albasa. Yakan daɗe tsaye wuri ɗaya yana jiran gajimare ya gusa. Da hoto mai kala ya zo, ya yarda ya yi wa amare, amma gona sai baƙi da fari. Na taɓa ce masa, "Haba Isyaku, shinkafa kore shar, ka mai da ita toka-toka?" Ya ce, "Kore ai kowa ya san shi. Ruwan nake so ka gani, da yadda haske yake kwanciya a kansa."

Ban san darajar aikin nan ba sai shekarar da wasu 'yan'uwa biyu, Sale da ƙaninsa Haruna, suka yi rikici a wani ƙauye kusa da Bunkure. Mahaifinsu ya raba musu gona tun yana raye, wata giginya ce iyaka. Bayan rasuwarsa giginyar ta faɗi, kowa ya riƙa nuna wuri daban. Har gaisuwa suka daina, ana ta maganar kotu. Dagacinsu ya tuna Isyaku yana yawan bin wajen, ya aiko a tambaye shi ko yana da hoton gonar. Kwana biyu yana tonon akwatinsa na hotuna, a rana ta uku na goya shi a babur muka tafi.

A zauren dagaci ya fito da hoton. Ga giginyar nan daidai bakin wata 'yar gada, gadar kuwa tana nan daram. Ashe Haruna ne ya ɗan shiga gonar wansa. Maganar iyaka ta ƙare, amma Sale bai saki hoton ba. Ya ɗora yatsa kan wani mutum can nesa, sunkuye da fartanya, ya ce, "Haruna, zo ka ga Baba." Ba a ganin fuskarsa, amma sun gane shi da malafarsa da irin sunkuyonsa. Tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Haruna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Isyaku ya wanke musu hoton, kowa ɗaya.

Yanzu idan na ga samari daga cikin adaidaita-sahu suna ɗaukar gonaki da waya, nakan tambayi kaina me zai ce. Na san ba zai yi ƙorafi ba. Zai dai ce su sauko, su tsaya, su daina gaggawa. Wurare da dama da ya ɗauka yau injinan shinkafa ne da gidaje. Ban ce laifi ba ne, mutane suna samun abinci, amma wanda yake son ganin yadda ƙasar nan take a da, gidan Isyaku yake zuwa.

Bai bar dukiya ba. Akwatin nan ya bari, yana hannun 'yarsa Hajara, malama a Islamiyya. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe su, ta miƙo mini wani hoto ta ce, "Baffa, wannan naka ne." Gonata ce, wadda na sayar tuntuni, ruwa yana shiga cikinta. Ban san ranar da ya ɗauka ba. A bayansa ya rubuta da fensir: "Gonar aminina, ranar da ta fara samun ruwa."

Allah ya kai haske kabarinka, Isyaku.