Liƙin Dalma Iri Biyu

A shagon gyaran rediyo, wani dattijo mai tabarau yana tsaye gaban tsohuwar amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti, da aka buɗe. Lasifikar hagu ce ta daina magana. An ba shi kujera, ya ƙi zama, idonsa na bin kowace waya. Da alama wannan ne karon farko da hannun wani ya taɓa ta.

Mai gyara ya leƙa ciki. "Baba, wannan tsohon liƙin dalma aikin gwani ne. Amma sabon nan, wane ɗan koyo ne ya jagwalgwala maka shi?"

Dattijon ya miƙa hannu zai nuna, yatsunsa suna rawar tsufa, sai ya fasa.

"Duk ni ne, ɗana. Gyara kawai."