Gabar da ta Kai har Tukunya

Ni dai abu biyu na iya a duniya: tuƙin mota da shiga abin da ba ruwana. Na farkon shi ya kawo ni Doha. Na biyun kuwa ko biza bai nema ba, biyo ni kawai ya yi. Makaranta na bar ta tun kafin malamin ya gama riƙe sunana, don haka duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri, haka mai shi yake.

Aikina a wani masauki ne a Al Thumama, inda ake sauke sojojin sama da suka zo aiki na ɗan lokaci. Gida ne mai bene, labulayensa baƙaƙe masu kauri, domin masu kwana a cikinsa sau da yawa rana ce darensu. Jirgin dakon kaya zai sauka, in je bakin ƙofar sansani da bas in kwaso su, kowa cikin rigar nan tasu mai zif ko'ina kamar an ɗinke mutum a jaka. Su yi wanka, su ci, su kwanta da azahar tsaka. Wani ya farka da la'asar ya ce a ba shi karin kumallo, a soya masa ƙwai kuwa, ba mai yi masa dariya sai ni, ni ma a ciki nake yi. Ranar tafiya ɗakin girki ya haɗa wa kowa guzurinsa a kwali, in mayar da su inda na ɗauko su. Yalla, khalas, in ji Larabawa, wato a tafi, an gama. Yawancinsu ba ka ƙara ganinsu.

Abin da na kasa sabawa da shi a garin nan ba zafi ba ne. Ci ne. Kowa da kwalinsa, kowa da cokalin roba, kowa fuskarsa a waya. A gidanmu in ka ga mutum ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe, to ko tari yake yi, ko an yi faɗa. Da ina da abokin kwano, wani mai gadi ɗan Gusau, ɗakinmu ɗaya a Mu'aither. Kwangilarsa ta ƙare, kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, bai sabunta ba, ya koma gida. Ya bar mini babban faranti da gwangwanin madara cike da kuka. Tun daga nan ni kaɗai nake ci, a kujerar direba, da na'urar sanyi a kunne. Farantin na jingine shi bayan katifa. Ban gaya wa kowa ba, amma loma ba ta wuce mini daidai in babu wani hannu kusa da nawa.

Akwai Bahaushe ɗaya a masaukin, kukunmu, mutumin zangon Kumasi. Hausarsa ba ta san mace ba: tukunya ya tafasa, miya ya yi gishiri. Ina tsokanarsa, yana ramawa. Na sha ce masa ya zo mu ci tare, sai ya ce shi ƙamshi ya ƙosar da shi. A tsaye yake ci, cokali biyu a bakin murhu, ya goge baki ya koma aiki.

Wata rana na ɗauko wasu sojoji, muna kan hanya sai na ji an ce a bayana, “Kai, wannan zafi ya fi na Sakkwato.” Saura kaɗan in hau kan motar gabana. Jirgi ne daga gida. Matuƙansa biyu duk Hausawa: babban mai sanƙo, marar yawan magana, da ƙaramin, siriri, wanda bai wuce sa'an ɗan farina ba. Jirginsu ya sami matsala, ana jiran wani ƙarfe daga wata ƙasa, kuma an ce su zauna da shiri, da zarar ya iso za su tashi.

To ni ɗakin cin abinci ba wurin aikina ba ne, amma akwai shayi a wurin, kuma daga inda tulun shayin yake ana ganin kowa. A nan na lura. In babban ya ɗauki kaza, ƙaramin sai ya ɗauki kifi. In wannan ya ci shinkafa, wancan taliya. Ko miya ba sa haɗawa. Rannan da idona na ga ƙaramin ya miƙa hannu wajen wani farfesu, ya hango irinsa a gaban ogansa, sai ya janye hannun kamar ya taɓa wuta.

Na shiga ɗakin girki na ce wa kuku, “Ɗan Zango, mutanen nan lafiya kuwa?”

Ya ce, “Umarni ne, Tsoho. Kada a ba su abinci iri ɗaya. Ko daga tukunya ɗaya kada ya fito.”

Na ce, “Innalillahi! Gabar har ta kai tukunya?”

Ya dube ni, ya juya ya ci gaba da yanka albasa. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka albasar ce.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Musulmi biyu, 'yan ƙasa ɗaya, sun wuce kwana uku suna gaba, kuma su ne za su zauna kafaɗa da kafaɗa su ɗaga ƙaton jirgi sama da 'ya'yan mutane a ciki. Ni da na san tuƙi, na san ko yaron mota ka ɓata da shi tafiya ba ta daɗi, balle a inda babu gefen titi da za ka tsaya ku daidaita. Na ce wannan sulhu ya hau kaina. Haka na gaya wa zuciyata, ita kuma ta san har da kwaɗayin ganin farantin nan ya fito daga bayan katifa.

Ranar Alhamis na bi ta Mesaimeer na sayo shinkafar tuwo da naman rago. Na ɗauko kuka, na ɗauko 'yar daddawar da nake ɓoyo cikin leda uku saboda maƙwabcina ɗan Nepal ya taɓa cewa wani abu ya mutu a ɗakina. Kuku ya ba ni aron murhu a bayan ɗakin girki, har da muciya, yana ta ce mini, “Allah ya ba ka lada, Tsoho, aikin alheri ne.” Ban san shi da saurin yarda haka ba, ya kamata in yi shakka.

Sai dabarar haɗa su. Na sami babban na ce, “Ranka ya daɗe, yaron naka yana son ganinka a bayan gida bayan la'asar, amma nauyinka yake ji.” Na sami ƙaramin na ce, “Yallaɓai, oga ya ce ka same shi a bayan gida bayan la'asar, kuma ka zo da zuciya ɗaya.” Na ga yaron ya yi tsuru, yana lissafin laifin da ya yi. Na ce a raina, ka gani ko, akwai magana.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar katanga. Na jera malmala a faranti ɗaya, miya a tsakiya, man shanu yana narkewa a kai, ga buta da ruwan wanke hannu. Suka iso kusan tare, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Na miƙe na gyara hula, na yi gyaran murya irin ta limamai, na ce, “'Ya'yana, ni ba malami ba ne, amma na girme ku. Duk abin da ya shiga tsakaninku, ku bar shi a nan ƙasa, kada ku hau sama da shi. Ga kwano ɗaya. Bismillah.”

Babban ya ce, “Baba, me ya shiga tsakaninmu?”

Na ce, “Kai za ka gaya mini. Mutanen da ko tukunya ba sa haɗawa?”

Ƙaramin ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya dafa katanga, yana so ya daina saboda ogansa, ya kasa. Babban ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskar soja, ita ma ta ƙwace. Daga tagar ɗakin girki kuma na ji wata dariyar, mai Hausar da ba ta san mace ba.

Da suka lafa, babban ya tsuguna a bakin tabarma ya ce, “Baba, yaron nan ni na koya masa tashi, ni na karɓa masa aure. Ƙa'idarmu ce in muna jiran tashi. In cikina ya ɓaci a sama, shi zai sauke jirgin. In nasa ya ɓaci, ni zan sauke. To in mun ci kwano ɗaya, duk ya murɗe mu, wa zai sauke?”

Na ce, “Tuwona bai taɓa murɗa cikin kowa ba.”

Ƙaramin ya ce, “Baba, wannan daddawar tun daga bene nake jin ta.”

Na ce, “To ɗaya ya ci mana.”

Yaron ya haɗiyi yawu, ya dubi miyar, ya dubi ogansa. Babban ya girgiza kai ya ce, “Ba zan ci tuwon gida yana kallona ba. Shi ma ba zai ci ina kallonsa ba, don zan tuna masa har ya yi ritaya.” Suka sake dariya. Sai ya dubi girman farantin, ya dube ni, ya ce, “Baba, kai da wa kake ci kullum?”

Na sunkuya ina gyara butar da ba abin da ya same ta.

Ya ce, “In muka kai kayan nan, akwai wani zuwan. In Allah ya sa muka sami ranar da ba mu da tashi, a nan za mu ci. Ka ajiye kukar.”

Na ce to. Amma na san alkawarin mutanen sama. Ba ƙarya suke yi ba, ba su ke da ikon kansu ba. Washegari ƙarfen ya iso, na kai su ƙofar sansani, kowa da kwalin guzurinsa, na babban kaza, na ƙaramin kifi. Ni kuma na shiga ɗumame. Safe ɗumame, rana ɗumame, har tuwon ya fara gane ni. Kuku kuwa duk shigowata sai ya ce, “Mai sulhu ya iso.” Na yi masa gaba ta gaske, ta yini guda, na ga ba ta da riba tunda shayin a wajensa yake.

Zafi ya wuce, aka shiga ɗan sanyin nan da Doha ke yi kamar aro. Wasu sojojin suka zo suka tafi, masu son burodi, masu tambayar barkono, masu barci da takalmi. Har na daina duba fuskoki.

Ran nan na buɗe ƙofar bas a bakin sansani, sai na ji an ce, “Mai sulhu, an wanke farantin?” Ƙaramin ne, ya ɗan yi ƙiba. Babban yana bayansa da leda a hannu, ya ɗora mini a cinya: kuka sabuwa, kore shar, da daddawa, da yaji. Ya ce matarsa ce ta haɗa, don ya ba ta labarina ta yi dariya har ta ƙware. Ya ce, “Gobe Juma'a hutu aka ba mu, jibi ma haka. Ba mu da sama.”

Bayan an sauko daga masallaci na tuƙa tuwo. Babban ya zo ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, “Baba, ashe kai ne babban matuƙi a nan. Mu jirgi kawai muke tuƙawa, kai ga bas ga tuwo.” Na ce ai shi ya sa ba ni da mataimaki.

Suka zo da makanikensu da masu lodin kaya, har da wani Kirista ɗan Jos da ya ce shi tuwo bai san addini ba. Tabarma ta yi kaɗan, aka ƙara da kwali. Muka zagaye farantin ɗan Gusau, gwiwa tana gugar gwiwa. Na ga hannun ƙaramin ya tsallaka gaban ogansa ya ɗauke tsoka, ogan ya buge hannun, tsokar ta faɗo gabana, na cinye don a zauna lafiya.

Kuku yana tsaye a bakin ƙofa da cokalinsa. Babban ya ce, “Malam, kai fa?” Ya fara maganar ƙamshi. Na ce, “Ranka ya daɗe, rabu da shi, gaba yake yi da ni.” Sojojin suka yi masa ca, wai sai an yi sulhu. Dole ya ajiye cokali, ya wanke hannu, ya matse kusa da ni. Ya kai loma ɗaya, ya ce, “Miya ya yi daɗi.” Na ce, “Ta yi.” Ya ce, “Shi na ce.”

Gaskiya ranar ban ƙoshi ba. Wanda bai taɓa cin kwano ɗaya da soja ba, ina ba shi shawara ya fara cin wani abu a gida. Kafin in gama ba da labari ɗaya, farantin ya koma kamar an wanke.

Sun tafi ranar Lahadi, kaza da kifi kamar kullum, kuma yanzu in na ga matuƙa biyu sun raba tukunya, addu'a nake yi musu in sha shayina. Kukar da suka kawo tana da yawa, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Juma'ar da ta biyo na tuƙa kaɗan, na shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ban kira kowa ba. Ina wanke hannu sai ga Ɗan Zango ya fito yana goge nasa a jikin riga, wai ya zo ne kawai ya ji ko gishiri ya yi. Har yau duk Juma'a gishirin yake zuwa ji, kuma ba ya tashi sai ya ga ƙasan faranti.