Ba a Ɗaure Mota Tana Rataye

A kwanakin da maigidana ya rasu, na lura da wani abu da ba wanda ya faɗa mini. Bangon ɗakina shi ne bangon garejin manyan motoci, kuma daidai nan makaniken yake ajiye ƙarfen da yake dukan kaya a kansa. Shekara da shekaru ina jin gudumarsa har cikin haƙorana. Sai na ji shiru. Na ɗauka tafiya ya yi. Da na leƙa ta taga, sai na hango shi can ƙarshen fili. Ya ja ƙarfen nan mai nauyi ya kai shi inda ko inuwa babu, yana ta aikinsa cikin rana. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, na dai sa shi a addu'a.

Direbobi suna kiransa Sauke. Duk motar da aka ɗaga a jak aka yi mata aikin gaba, in direba ya ce a ɗaure ya tafi, amsarsa ɗaya ce: "Sauke ta tukuna." Ya faɗa har kalmar ta bi shi, yanzu ko matarsa in ta aiko nemansa da wannan sunan ake tambaya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ɗan yatsansa ɗaya ya lanƙwashe tun yana saurayi, lokacin da yake wankin kayan inji a garejin ƙanin mahaifinsa. In lokacin salla ya yi, yakan daɗe yana cuɗa hannunsa da omo, amma baƙin bakin farcensa ba ya fita. Yana da wata doguwar sifana da take yin ƙas idan noti ya kai inda ake so ya kai. A cikin tsohon tawul yake naɗe ta, ba ya ba da aronta ko ga wa. Direbobi suna cewa da tana cin abinci, da a baki zai riƙa ba ta.

Autana direba ne. Ya daɗe yana bin motocin mutane kafin wani mai motoci, wanda shi ma tsohon direba ne, ya damƙa masa makullin babbar mota. A lokacin matar Auta tana da tsohon ciki, kuma da motar nan muke ci mu duka. Sai gaban motar ya fara ƙara, taya tana cinyewa ta gefe guda. Aka canza robobin da ke riƙe da bakin sifirin a wani gareji na kan hanya, ba a jima ba suka yage. Aka sake, suka sake yagewa.

Wata safiya Auta ya shigo gaishe ni, ya zauna bai taɓa abin karin da na ajiye masa ba.

"Inna, yau Alhaji zai karɓi makulli. Ya ce tuƙin ganganci nake yi."

Ni ba mai shiga gareji ba ce. Amma ran nan na sa hijabi na je na tsaya a bakin ƙofar. Motar tana sama a kan jak, tayoyin gaba suna lilo, mai motar yana tsaye yana faɗa.

"Na yi tuƙi kafin a haifi yaron nan. Roba ba ta yagewa haka sai in mutum yana afka wa rami da gudu."

Sauke ya fito da robar yana juya ta a hannu, ya kai ta wajen haske. Sai ya hango ni.

"Inna, ke da kike wanki, zo ki duba mana wannan. Me kika gani?"

Kunya ta kama ni, amma na matsa. Tsagar da ke jikinta ba a miƙe take ba, duk ta karkata gefe ɗaya tana zagayawa.

Na ce, "Kamar an murɗe zane za a shanya."

"To ka ji, Alhaji. Da rami ne, da ta fashe ko ta lotse. Wannan murɗe ta aka yi. An ɗaure noti mota tana rataye, ƙafafunta a sake. Da aka sauke ta nauyi ya hau, sai robar ta murɗe ta zauna a haka, ko a tsaye motar take ba ta hutawa. Ko kai ka tuƙa ta, yagewa za ta yi."

Mai motar ya karɓi robar ya duba, ya yi tsaki. "Naka dai ba ya wuce sauke. To sa sabuwa ka ɗaure, kaya suna jira."

"Zan sa. Ɗaurewa kuwa sai ta sauka."

"Haba, tana sama ai ya fi maka sauƙi, ga wuri a buɗe."

"Ni ya fi wa sauƙi, ita bai yi mata ba. Ka bar wa yaron nan makulli. In ta sake yagewa ka karɓe, ni ma kada ka ƙara kawo mini mota."

Ni kuwa na san rabin motocin da ke shiga garejin nan na Alhajin ne. Mai motar ya dube shi, ya dubi agogo, ya ja benci ya zauna.

Sauke ya sa sababbin robobi, ya ɗaura notuna da hannu kawai, a sake. Ya sa Auta ya sauke jak a hankali har motar ta zauna a kan tayoyinta. Ya ce ya tayar da ita, ya yi gaba kaɗan, ya yi baya, ya hau da ita kan simintin da ke bisa ramin aiki, inda ƙasa take daidai. Ya ɗauko tef ya auna tsayinta ta dama, ya zagaya ya auna ta hagu, ya girgiza kai, ya sa aka ƙara yin gaba da baya, ya sake aunawa. Sai a nan ya warware tawul, ya fito da sifanar. Ya shiga ramin, wurin ya matse har kafaɗarsa tana gugar ƙarfe, muna jin nishinsa daga waje. Can sai muka ji ƙas. Aka jima, wani ƙas ɗin.

Mai motar ya ce, "Amaryar ta yi magana ke nan?"

Daga cikin rami Sauke ya ce, "Saura ɗaya gefen, Alhaji. Ba ta son a katse ta."

Motar ta fita da Auta a kan sitiyari. Damina ta zo ta wuce, hanyoyi suka lalace, robobin nan ba su ce uffan ba. Matar Auta ta sauka lafiya, kuma har yau makullin yana aljihunsa. Mai motar da kansa yanzu in ya ga ana gaggawa a gareji yakan ce a sauke tukuna, kamar shi ya fara faɗa.

Amma tun a ranar, bayan la'asar, Sauke ya yi sallama a ƙofata. Ya tsaya daga waje yana goge hannu da tsumma. Na fara yi masa godiya, ya katse ni.

"Inna, akwai abin da Alhaji bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Na tsare Auta, ya ce duk sau biyun shi ya tsaya a kan makaniken hanya yana cewa yi sauri, ɗaure haka nan. Tuƙinsa ba laifi, haƙuri ne bai isa ba. Ina roƙonki abu ɗaya. Duk ranar da zai fita, in kin gama yi masa addu'a, ki ƙara masa da wannan: kada ya bari a ɗaure masa gaban mota tana rataye. Ni in na faɗa, dariya yake yi, ya ce Sauke ya fara. Ke kuwa ba zai yi miki dariya ba."