Ranar da Maman Ponta Ta Kwance Igiya

A kan tudun bakin kogin garinmu, inda muke fita da karnuka da sassafe, mutum ba shi da sunan kansa. Sunan karenka shi ne sunanka. Ni mai aski ne, sunana na nan ɓaro-ɓaro a ƙofar shagona tun kafin a zuba wa titinmu kwalta, amma da na taka wannan tudun sai in koma Baban Konbu, albarkacin wani gajeren kare mai tumbi da matata ta jajibo mana. Mun san karen da ke fama da gudawa, mun san wanda naman kaza ke sa wa ƙaiƙayi. Amma ka tambayi mutum sunansa na ainihi, ko unguwar da yake kwana? Wannan shisshigi ne, ba a yi.

Mace ɗaya ce ta fi ƙarfin wannan al'ada, domin babu gidan da bai ci awararta ba: Kuramochi Fusae, mai shagon awara na kusa da tashar bas. A garin nan aka haife ta, a shagon aka kai ta aure, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da tukwane da ɗa guda. Ɗan yanzu yana Tokyo, yana bugo waya duk mako yana roƙon ta rufe ta huta. Ba ta rufe ba. Ta haura saba'in, hannayenta jajur saboda ruwan sanyi, kuma da ta sauke awarar safe sai ta ɗauko Ponta, wani jan kare mai naɗaɗɗiyar jela, ta hauro tudu da fararen takalman robarta na aiki. A can ita ma Maman Ponta ce.

A jakarta akwai abin da ke jakar kowa, ledar kwashe kashi da gorar ruwan wanke gindin falwaya in kare ya ɗaga ƙafa. Amma ita tana da na uku: igiya ta biyu, wadda take ba da aro ga duk wanda ya ce ya manta tasa. In ta hango kare na yawo sake, ba ta ɗaga murya. Sai ta taka har gaban mai shi, ta rusuna sosai, ta ce, "Ina kwana. Igiya, don Allah." Wannan rusunawar ta fi mari ciwo, ku tambayi duk wanda ya taɓa shan ta.

Doka dai na bayanta, ga allo nan a gindin matakalar hawa tudun. Amma a shagona musun bai taɓa mutuwa ba. Wasu su ce gaskiyarta, yara na bin tudun a keke zuwa makaranta, ga tsofaffi masu sanda, kuma ba kowa ke son jin baƙon hanci a gwiwarsa ba. Wasu su ce karen da bai taɓa gudu ba ai matashin kai ne mai cin abinci. Ni kuwa wanda kansa ke ƙarƙashin almakashina shi nake ba gaskiya.

Matata ce ta faɗa mini tushen abin. Tun Fusae na amarya tana da wani ɗan kwikwiyo, Chibi. Wata safiya ta kwance shi a kan tudun ya ɗan wataya, ya hango wani abu, ya gangara titin da ya raba kogi da gari, wanda manyan motocin yashi ke bi. Ta kira shi, ta sake kira, bai juyo ba. A rigar aikinta ta naɗo shi ta kawo gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Ita kuwa sai ta ɗora wa kanta tsaron karnukan gari gaba ɗaya.

Kowa ya bi, ban da mutum ɗaya. Baban Daizu wani dogon tsoho ne siriri mai malfa, wanda ya tare a garinmu bayan ya yi ritaya. Kansa sanƙo ne tas, don haka bai taɓa zama a kujerata ba, balle in tatsi labarinsa. Abin da muka sani kawai shi kaɗai yake zaune, domin ya taɓa cewa shi da Daizu ne ke raba kifin dare. Daizu baƙin kare ne dogo, kuma tsohon ya yi masa horon da ban taɓa ganin irinsa ba. Muddin igiya na wuyansa, hancinsa ba ya wuce gwiwar wanda ke riƙe da shi. Ka tsaya ya tsaya, ka juya ya juya. Amma da sun isa ƙarƙashin gada sai tsohon ya duba hagu da dama, ya ɓalle maƙalin igiyar, Daizu ya tsinke da gudu har bakin ruwa ya dawo. Kuma kullum sai ta kama su.

"Baban Daizu, ina kwana. Igiya, don Allah."

"Lafiya lau, Maman Ponta. Ga ta nan a hannuna."

"A wuyansa ake sa ta."

"Haba, ƙafa huɗu fa aka ba shi. Ki bar shi ya more su mana."

"Motar yashi ma ƙafa gare ta, har goma."

"Ke dai da za ki samu dama, kifin kogin nan ma sai kin ɗaure shi."

"Da kai zan fara, tsoho."

Sai ya cire malfa ya rusuna, ya maƙala igiyar, su jera har matakala suna ci gaba da musu. Shekara da shekaru haka. Mu 'yan kallo mun daɗe da gane cewa in aka hana su wannan faɗan, shinkafar safe ba za ta ciwu ba, amma wa zai faɗa?

Wata safiya cikin kaka muna tsaye a kan tudun, sai ga Daizu ya hauro matakala shi kaɗai. Ba igiya, ba ma abin wuya, balle lambar rajistar da ke rataye a jikinsa. Ya wuce mu duka, ya je gaban Maman Ponta ya zauna yana haki.

Ta dubi matakala, babu malfa. Ta ɗan jira, shiru. "Tsohon nan bai taɓa makara ba," in ji ta. Ta zaro igiyar aro, ta ƙulla masa a wuya, ta ce, "Mu je gida, Daizu. Nuna mini hanya." Ai kuwa sai kare ya miƙe ya manne da gwiwarta. Ta taka ya taka, ta tsaya ya tsaya. Na karɓa na gwada, har da tura shi ta baya, ya dube ni kamar ni ne marar tarbiyya.

"Wa ya san gidansa?" ta tambaya. Kowa ya girgiza kai. "To, sunansa fa?"

Muka dubi juna. Shekara nawa muna gaisawa da mutum, mun san karensa ba ya cin kabewa, amma ba mu san sunansa ba. Wani ya ce a kai karen ofishin 'yan sanda. Na ce ba lamba a wuyansa, kafin a bi gida-gida rana ta take, in kuwa tsohon faɗuwa ya yi yana can kwance, ba shi da wannan lokacin.

Maman Ruru, wata matashiya da ke tura ɗan karenta a keken jarirai, wadda ita ma ta taɓa shan rusunawa, ta ce a hankali, "Mama, ki yi haƙuri, amma sai fa an kwance shi."

Duk muka dubi Fusae, ita kuwa titi take kallo. Motocin yashi sun fara wucewa, ɗaya na bin ɗaya. Tausayinta ya kama ni sosai, na miƙa hannu na ce bari ni in kwance. Ta buge hannun.

"Ni zan yi. Baban Konbu, sauka ka tare titi. Ɗauki tutar yara."

A wurin tsallakawa akwai gwangwanin da ake ajiye 'yan tutoci masu ruwan ɗorawa, waɗanda 'yan firamare ke ɗagawa in za su ƙetare. Na zari ɗaya, na tsaya tsakiyar kwalta da furfurata, Konbu a hammata, tuta a sama. Mota ta ja birki, direba ya leƙo yana neman yaran. Can kan tudu na hango ta ta durƙusa. Yatsun da ke yanka awara ba ma'auni sun kasa kwance ƙulli ɗaya, sai da ta sake gwadawa. Ta ce wa karen wani abu a kunne, ta buɗe hannu.

Daizu ya gangaro kamar an harbo shi, ya wuce ta gabana ya shige gari. Sai ga ta a bayansa. Jama'a, ban taɓa sanin takalmin roba na gudu haka ba! Ponta na gefenta a igiyarsa, Maman Ruru na biye da keke yana kwaramniya, sauran ma kowa da karensa a ɗaure bisa doka. Kare ɗaya tal ne sake a garin nan, kuma Maman Ponta ce ta sake shi. Mai raba jarida ya tsaya da baki buɗe. Shi kuwa Daizu in ya yi nisa sai ya tsaya a kwana ya jira tsofaffinsa, sannan ya sake cin gaba.

Bayan tsohon haikali ya shiga wani lungu, ya kai mu wani ƙaramin gida mai ƙaton lambu zagaye da shinge. Ƙofar lambun a buɗe take. Tsohon na miƙe tsakanin kunyoyin kabeji, malfa a fuska, ba motsi. Fusae ta tsaya cak, ta dafe shinge. Daizu ya je ya ture malfar da hanci.

"Ina kwananku," in ji tsohon daga ƙasa. "Ku gafarce ni, na dame ku da sassafe."

Ashe kwankwasonsa ne ya riƙe tun gari bai gama wayewa ba, garin ɗaga bokitin ban ruwa. Tagar maƙwabta kuwa ga ta nan a buɗe, ko tari ya yi da ƙarfi za su ji.

"Me ya hana ka kira su?" in ji Fusae.

"Jariri gare su. Sai gab da wayewar gari ya samu barci, ina jin su. In tashe shi saboda kwankwaso?"

"Sai ka mutu cikin kabeji don kada jariri ya farka?"

"A'a, ai na yi dabara. Na ture sakata da ƙotar fartanya, na ce, Daizu, je ka wajen mai faɗan nan. Kowa zai iya ganin kare sake ya kau da kai. Ke kam na san ba za ki iya ba."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da jajayen hannayenta, kafaɗunta na girgiza. Har yau ana musu a shagona ko kuka take ko dariya. Ni da nake wurin na ce duka biyun ne.

Maman Ruru ta buga wa motar asibiti waya, tsohon na roƙo daga ƙasa a ce musu kada su kunna jiniya a lungun. Aka tambaye ta sunan marar lafiya, ta ce, "Baban Dai..." sai ta tuna ba sunansa ba ne. Tsohon ya fashe da dariya, dariyar ta soki kwankwaso, ya koma wayyo. Fusae ce ta tashi ta je bakin ƙofa, ta karanto ɗan katakon sunan mai gida da ke manne a ginshiƙi. "Nagumo Tetsuji," ta ce a hankali, kamar mai ɗanɗana miya.

Daizu ya yi makonni a shagon awara, a ɗaure, ba sai na faɗa ba. Kada wani ya ɗauka ta sauya ra'ayi, washegari ma sai da ta rusuna wa wani ɗan jami'a a kan tudu. Abin da ya sauya lambun ne. Likita ya hana tsohon duƙawa, sai ya sa muka tumɓuke rabin kabejin. Ya ce fili ne nasa mai shinge, ba mota, ba yara a keke, duk Lahadi da safe mai kare ya kawo karensa ya yi gudu. Fusae ta zo ta bi shingen katako-katako tana girgizawa, ta sa aka ƙara sakata ta biyu, sannan ta ce to.

Lahadi ta zama ranar bikinmu. Har Konbu an gan shi yana sassarfa. Ita ma tana zuwa, da soyayyar awara cike da kwano, amma sai ta tsaya jikin shinge, Ponta a gefenta, igiya naɗe a hannu. Kowa ya ƙyale ta, har tsohon, wanda ke zaune a kujera da ɗamara a ƙugu, bakinsa na ƙaiƙayi.

Wata Lahadi bayan an fara sanyi, ba sanarwa ba komai, sai na ga ta duƙa ta ɓalle maƙalin. Ponta ya tsaya a inda yake. Tun yana kwikwiyo bai taɓa wuce tsawon igiyar nan a waje ba. Sabo turken wawa, ya ɗaga kai yana kallonta, yana jiran a ce mu je. Sai Daizu ya zo ya bangaje shi da kafaɗa ya gudu. Ponta ya ɗan taka, ya waiwayo, ya ƙara takawa, sannan ya ɓalle. Gudun ba shi da kyau ko kaɗan, ƙafafun baya na neman wuce na gaba. Ya afka cikin sauran kabejin, ya wuntsila, ya tashi da ganye a ka. Muka kwashe da dariya, har da masu tafi.

Ita ba ta yi dariya ba. Tana tsaye riƙe da igiyar da ba komai a ƙarshenta, ta bari har ya kai can ƙuryar shinge, wurin da ya fi nisa da ita. Sannan ta kira, ba da ƙarfi ba.

"Ponta."

Ya ja birki har ƙasa ta tashi. Ya juyo da kunnuwa a miƙe, ya taho a guje, ya daki ƙwaurinta har ta yi taga-taga. Ta durƙusa ta rungume shi, da ƙasar da ganyen da duka.

"Ya dawo," in ji ta. Ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuska ta nemi tsohon. "Tetsuji, ka gani? Kira ɗaya na yi, ya dawo."

Tsohon ya cire malfa ya ɗora a gwiwa.

"Na gani, Fusae," ya ce. "Sake shi ya ƙara."

Ta sake shi.