Malam Yahuza, Bakin Waɗanda Aka Tsare

Shekara goma sha tara ke nan, kullum Malam Yahuza kan sha shayinsa a mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi, ya buɗe shagon ɗinkinsa a unguwar Masjid India. Da wuya ya gama riga ɗaya ba a kira shi ba: an kama wani, ana neman mai jin Hausa da Malayanci. Sai ya naɗe yadin ya nufi tashar jirgin ƙasa.

Da korona ta zo, aka yi samame aka kwashe Ja'afar, ɗalibin wata jami'a a unguwar Bukit Jalil, wanda bizarsa ta ƙare lokacin da makaranta ke kulle. Wannan matsala ce da ake iya warwarewa. Amma da aka tuɓe masa riga a sansanin tsare baƙi, sai aka ga tsaga a ƙirjinsa, uku dama, uku hagu. Wani jami'i ya rubuta a fayil ɗinsa: ɗan ƙungiyar asiri.

An ba shi waya na minti biyu. Ya kira Malam Yahuza ya ce, "Baba, wallahi wanzami ne ya yi min ina jariri. Ba wanda ya yarda."

Malam Yahuza ya kira manyanmu na Hausawan garin nan, masu kujerar gaba ranar walima. Ɗaya ya ce kada a ja wa al'umma baƙin jini. Sauran ba su ɗaga ba. Shi kaɗai ya nemo mahaifiyar yaron, Turai, a Ringim, ta aiko hotonsa yana ɗan shekara biyu da tsagar a jikinsa. Ya fassara bayanin wanzamin, ya ratsa shingayen hanya da takardar izini, sau bakwai yana zuwa ƙofar sansanin ana mayar da shi. Sharifa, lauyar da ta karɓi shari'ar, ta ce a gabanta dattijon nan ya ɓalle maɓallan rigarsa ya nuna wa jami'ai tasa tsagar.

Sai bayan wata takwas aka goge kalmar daga fayil ɗin. Duk da haka aka kori Ja'afar daga ƙasar, saura zango ɗaya ya gama digiri. A wannan zirga-zirga Malam ya ɗauki cutar, har yau numfashinsa bai dawo daidai ba. Ladan da ya samu a wurinmu shi ne raɗa: wai yana tsaya wa 'yan daba.

Kai ne ka tsaya, Malam, ranar da muka ɓuya. Kai ne bakin wanda ba a ji. Wata mai zuwa za ka koma gida, ba wanda ya shirya maka ko taron bankwana. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya biya ka abin da muka kasa.

Sharifa ta ce akwai mutum huɗu a tsare yanzu da irin wannan kalma a fayil ɗinsu. Mu da muka iya Malayanci a garin nan mun fi ɗari. Ranar Talata za a saurari shari'ar na farkonsu, kuma ana neman tafinta.